Kifayen Dakta Ba Sa Mutuwa

Dakta ta ɗaga kofin ruwa sama, bakinta har kunne.

"Daga magudanar masana'antar fenti na ɗebo shi, na tace da matatar da na ƙera," ta ce wa abokan aikinta da suka cika mata falo. "Ga shaiduna can."

Ta nuna tankin gilashin da ta ajiye a gida, saboda wutar ɗakin gwaji ba ta da alƙawari. Jajayen kifaye na ta wutsil-wutsil a cikin tataccen ruwan.

"Tun da na zuba su, ko atishawa ɗayansu bai yi ba. Yau ni ma zan sha!"

Aka ɗau tafi. Mijinta ne kaɗai ke sharce gumi.

"Maman yara, ki bari a ci abinci tukuna mana."

"Haba baban yara, kifi bai ji tsoro ba sai kai?"

Ta kai kofin baki ke nan aka yi sallama. Wani dattijo ne riƙe da bokiti.

"Ranki ya daɗe, mai kifi ne. Tafiya ta kama ni, shi ne na kawo na gobe tun yau. Maigida ya ce kullum in kawo sababbi kafin ki tashi, kada ki ga matattun kifayen, ranki ya ɓaci."

Dakta ta dubi kofin, ta dubi mijinta, sannan ta miƙa masa da murmushi.

"Bismillah, baban yara. In ka bi su, mai kifi ya kawo min sabon miji da safe."