Ranar Ruwan Mai Tumatir

Ta-Sallah mai ƙosai, ƙawata tun muna 'yan mata, ita ta fara ba ni labarin nan a bakin kaskonta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ku da gemu ya fito muku amma kullum kai a sunkuye kan waya, da ku nake.

Wani manomin rani ne a ƙauyensu, magidanci da ƙarfinsa, mai gonar tumatir a bakin kanal. A can ruwa layi ne, kowa da ranarsa. Mai rabon ruwa zai buɗe maka ƙofa da hantsi, azahar na yi ya rufe ya buɗe wa na gaba, kai kuma sai wani makon. Matarsa ce ta reni irin a bayan ɗaki, ga ta da tsohon ciki, tana ba shi ruwa da moɗa, tana kare shi da ƙaya saboda kaji, har ya isa dashe. Sabon dashe kuwa jariri ne, in ya rasa sha a zafin nan ya tafi ke nan. To shi bawan Allah ya koyo wata cacar karta ta cikin waya, foka suke ce mata. Gasa ake yi da mutane rututu daga garuruwan da ko sunansu bai iya faɗa ba. Kowa a ba shi wasu 'yan ƙwayoyi kamar marfin kwalba, a cikin gilashin waya, waɗanda ko gishiri ba za su saya maka ba. Wanda nasa suka ƙare ya fita, kyauta sai waɗanda suka kai ƙarshe. Kuma wai abin har da ilimi! Zama yake a zaure yana karantar da abokansa: da farko ka yi haƙuri, karta marar kyau ka zubar ba kunya. In tarin ƙwayoyinka ya yi tudu, ka bi masu ɗan kaɗan da ke rawar jiki kar a fitar da su, ka yi ta matsa musu, tsoro zai sa su sakar maka. Mai tari irin naka kuwa ka ba shi hanya, kada ku yi karo. Ka ji mutum! Haƙurin da bai taɓa yi wa ciyawar gonarsa ba, ga shi yana yi wa marfin kwalba.

Ranar ruwansa gasa ta kama da safe, ya ce bari ya ɗan taɓa kafin a buɗe. Ranar kuwa karta ta so shi. Ya yi haƙurinsa, ya matsa wa matsorata, tarinsa ya hau har ya fi na duk waɗanda suke bugawa tare, bai taɓa ganin kansa kusa da ƙarshe haka ba. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, an fa buɗe ƙofa." Ya ce, "Yanzun nan," ko kai bai ɗaga ba. Ita ba ta iya jan tiyo da cikin nan, gonar kuma a kwari take, waya ba ta kamawa a can. Ga mugun halin wasan: ba a ce masa dakata. In ka tashi, kowane zagaye sai an gutsiri tarinka, ko ka buga ko ba ka buga ba, kuma gutsirin ƙara girma yake yi. Ya dubi inuwa, ya dubi gilashi. Ya miƙe, ya zauna. Sai da inuwar zaure ta tsuke ta dawo gindin bango sannan ya zura takalmi ya kwasa a guje. Ya tarar mai rabon ruwa na murɗa ƙofa, mai bi masa a layi tsaye da fartanya a kafaɗa. Ya yi magiya, ya haɗa su da Allah, mai fartanyar ya ce shi ma shukarsa ba azumi take ba. Ya juyo a guje zuwa kan tudu inda waya ke kamawa, ya tarar an gutsire tarin nan saura ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Yanzu shi ne mai rawar jikin. Masu manyan tari suka yi masa irin karatun da yake koyarwa a zaure, suka matsa, suka matsa, har suka fitar da shi tun kafin a kai ga kyauta. Kafin mako ya zagayo dashen ya kwanta a fangalin gona kamar zaren da aka yar. Matar ta taka a hankali ta je ta gani, ta tsaya riƙe da ƙugu, ba ta ce masa uffan ba. Ta-Sallah ta ce shirun nan ya fi zagi.

Ni dai ban iya shiru ba. Washegari da sassafe na tuge rabin irin tumatirin da ke bayan ɗakina, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na hau mota zuwa ƙauyen. A hannun matar na danƙa, na ce ta binne saiwar a inuwa sai jajiberin ranar ruwa a dasa. Da zan fito na same shi a zaure, ya durƙusa yana cewa, "Sannu da ɗawainiya, Iya." Na ce, "Ba don kai na zo ba, ɗan nan. Amma tunda kai malami ne, ga wani karatu ka ƙara a kan naka: taura biyu ba ta taunuwa."