Wandon Walenty da Bishiya Mai Makoki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, a matso kusa da murhu.

Apolonia tana rataya dogon wandon mijinta a kan bishiya, sai Walenty ya fito yana kumfar baki, kamar yadda ya saba duk ranar wanki tun suna da sauran ƙuruciya.

Bishiyar nan ita ce abin alfaharinsa. Irinta dai, wadda muke kira modrzew, kowa ya san ta a ƙauyenmu na gindin duwatsun Tatra, ga ta nan ta cika daji, a miƙe sambal kamar mashi. Amma ta Walenty irin ta masu lambu ce, wadda ake kira mai makoki. Rassanta ba sa hawa sama, ƙasa suke zubowa kamar gashin matar da aka yi wa rasuwa. Tun daga Krakow ya ɗauko ta a shekarar aurensu. Ya dasa, washegari ya kora tumaki ya hau dutse kiwo. Da ya sauko bayan watanni ya tarar ta ɗan rame, amma tana nan a sunkuye. Ranar nan amarya ta tarbe shi da farfesun akuyarta, ta ce ta gaji da halin dabbar.

Abu ɗaya ya hana shi sakewa. Apolonia ba ta ganin girman bishiyar nan ko kaɗan. Shanya take yi a kanta: wando, bargo, safar ulu, kuma sai ta cusa duwatsun rafi cikin aljihu da safa, wai kada iska ta kwashe. Kowace bazara ta hau tsani ta datse kan bishiyar, ta saƙa kambin ganyen da mata ke kaiwa coci a sa masa albarka. In ya yi faɗa ta ce ganyen daji bai kai wannan ƙamshi ba, ta ci gaba da aikinta.

Ana nan sai aka ba da sanarwa cewa ranar bikin coci na watan Agusta za a zaɓi lambun da ya fi kyau a ƙauye. Maƙwabcinsa Kajetan, wanda ya cika gidansa da wardi, ya tare shi a mashaya gaban kowa.

"Maƙwabci, bishiyarka ai ba makoki take yi ba. Kunyar wandonka take ji."

Kafin kofin ya ƙare sun sha hannu: wanda ya faɗi zai aske gashin bakinsa a dandali. A wajenmu kuwa namijin da ba shi da gashin baki, ko tumakinsa ba sa amsa kiransa. Na Walenty ma har ya kai kunne, limamin coci kansa yana satar kallonsa.

Ya dawo gida ya kafa sanduna, ya ɗaura igiyar shanya sabuwa, ya kulle tsani a rumbu. Sannan ya tsayar da matarsa gaban hoton Maryama ya sa ta rantse ba za ta ƙara taɓa bishiyar ba.

Ta daɗe tana kallonsa. "Tsoho, ka tabbata?"

Ya ce bai taɓa tabbatar da wani abu kamar wannan ba.

"To. Bishiyarka ce."

Ƙanƙara ta narke, ganye ya fito kore shar. Walenty ya riƙa zagaya ta yana murza gashin baki. Sai dai kafin a yanka ciyawar farko, wani tsiro ya leƙo daga tsakar kanta ya nufi sama. Ya ce lafiya ce ta yi mata yawa. Ba a jima ba sababbin rassan duk suka ɗaga hannu, kamar 'yan makarantar da suka san amsa.

Hankalinsa ya tashi. Ya hana ta taki. Ya hana ta ruwa. Ya ɗauko goge ya zauna a gindinta yana kaɗa mata waƙoƙin binne gawa, har karen Kajetan ya taya shi kuka, bishiya kuwa ta ƙara tsawo taku guda. Ya roƙi limami ya zo ya yayyafa mata ruwan albarka. Limami ya zo, ya duba, ya ce shi addu'ar yaye baƙin ciki aka koya masa, ta dawo da shi ba ta cikin littafinsa. Ya ci cukun tumaki ya tafi. Apolonia tana can tana shanya a igiya.

Ranar biki alƙalai suka tsaya a bakin shinge. Wata tsohuwa cikinsu ta tambaya ina mai makokin, ita dai irin ta daji take gani, sai dai wannan ta ɗan yi doro. Kafin la'asar wanzami ya gama da gashin bakin Walenty a dandali, Kajetan yana riƙe da madubi.

Walenty ya shigo gida da hannu a baki. Ya cilla wa matarsa makullin rumbu.

"Tsohuwa, rataya abin da kika ga dama a kanta. Ba ta da sauran mutunci a idona."

Apolonia ta ɗauki kwando ta gangara rafi tana zaɓen duwatsu masu nauyi. Bayan bazara biyu bishiya ta koma makokinta, gashin baki ya tsiro, Walenty ya ce nadama ta yi. Har yau bai san cewa wadda ya ɗauko daga Krakow ko sati ba ta yi a lambun ba. Wannan 'yar daji ce amarya ta tono, kuma tun daga ranar nan wandonsa ne yake sa ta sunkuya.

Ƙurunƙus, ba kan ɓera ba, kan akuyar da ta cinye ta farko.