Mai Shelar Ruwa a Yanguan

Saura minti tara ruwan ya iso, Qiulan ta hango farar hula can ƙasa, a ƙarshen dogon simintin da ya miƙe cikin kogin Qiantang.

Sha takwas ga watan takwas ne a kalandar gargajiya ta Sinawa, kwana uku bayan bikin kallon wata, ranar da teku ke turo babbar igiyarsa ta hauro kogi. Ganuwar bakin kogi ta garin Yanguan ta cika maƙil da tsakar rana, kowa ya ɗaga waya. Aikin Qiulan yawo da lasifika tana koro mutane daga ƙasa. Cikin masu shelar ruwa da shaƙiyanci aka san ta. Ta iya kwaikwayon tarin shugabansu, ta iya tsakin matan Shanghai in takalminsu ya taɓa laka, har ta taɓa sallamar ma'aikata gida da muryar shugaban.

Yau kam ba ta shaƙiyanci.

"Tsoho Gu ne," in ji Pan, abokin aikinta, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya tambaya a hankali ko wa ya bar masa ƙofar gida a buɗe. Qiulan ta shafa aljihunta, ta ji makulli yana nan. Ta gangara matakala da gudu.

Tsohon yana zaune ya shimfiɗa hankici. Ya ɗora wainar bikin kallon wata guda biyu, ɗaya a gabansa, ɗaya a gefe.

"Kawu, ruwa na tafe. Tashi mu hau."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce bai san ta ba, kuma yaran yanzu ba su da aiki sai surutu. Shi wata yake jira, in ta zo sa tafi tare.

Jan sa ba zai yiwu ba. Bara da aka gwada, zama ya yi daɓas, sai da maza uku suka ɗauke shi. Gwiwarsa ta hagu kuma ba ta sauri, ko da son ransa sai ya ci minti huɗu kafin matakala.

Can gabas wani farin zare ya bayyana, ya ratsa kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. Rugugi ya biyo baya kamar na jirgin ƙasa. A sama mutane suka ɗauki sowa.

Qiulan ta ja da baya, ta koma inda ba ya ganinta. Ta ɗaga lasifikar, ta sauke. Ta rufe ido, ta maƙe murya, ta sake ɗagawa.

"Gu Deshun! Kai, mai kunnen ƙashi! Shinkafa ta huce, kifi ya sandare, kana nan kana hira da laka? In na ƙirga uku ban gan ka ba, kare zan ba! Ɗaya!"

Tsohon ya miƙe zumbur. Ya ƙulle wainar a hankici, ya taho yana ɗingishi yana cewa ga shi nan, Meifeng, ga shi nan, ban da faɗa a gaban mutane.

Ƙafarsa na taka matakalar ƙarshe ruwan ya daki simintin, ya haɗiye shi, ya watso laka har kan ganuwa. 'Yan kallo suka fashe da dariya da tafi. Wani ya ce ta maimaita, wayarsa ba ta ɗauka ba. Pan kaɗai bai yi dariya ba.

Tsohon ya tsaya yana leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

"'Yan mata, ba ki ga matata ba? Yanzun nan ta kira ni."

Qiulan ta ce ta yi gaba, tana gida. Ya gode, ya kwance hankici ya ba ta waina ɗaya, ya ce iyayenta sun iya tarbiyya.

Ta kama hannun ubanta suka nufi gida. Shekara tara ke nan da ruwan ya ɗauke uwarta daga kan wannan simintin, kuma ba ta taɓa aron muryarta ba sai yau.