Tarin Malam Tanimu

Tun da aka kafa dokar nan a Kano, ba a ba mutum haya sai bangon tsohon ɗakinsa ya yi masa shaida. Da can karin magana ne a ce bango yana da kunne, yanzu har baki gare shi.

Uwani ta bi dillali Ɗanjummai zuwa wani bene a Ɗorayi. Tun da ta fita takaba aka tashe ta daga ɗakinsu, tana raɓe wajen ƙanwarta. Ta ɗora tafinta a ƙofa, sai tsohon ɗakinta ya fara magana ta wata 'yar na'ura: ƙarar tukwane, kiran sallah daga nesa, sannan wani dogon tari.

"Uwani, taimaka min da ruwa," in ji muryar mijinta.

Fitilar ƙofar ta koma ja.

"Baba, mai gidan nan ba ya son masu jinya," in ji Ɗanjummai.

"Ai Malam Tanimu ya rasu, ɗan nan."

"Allah Ya jiƙansa. Amma bango bai san mutuwa ba."

Ba ta ɗauke hannunta daga kan ƙofar ba. "To sake kunna min."

"Sau ɗaya ake kunnawa a kowane gida. Muryar ta mai tsohon gidanku ce yanzu."

Ta gyara mayafinta, suka sauko. A bakin titi ya ce mata gaskiya duk inda suka je haka za a yi, ta haƙura.

"Na sani," ta ce. "Gobe wane gida za mu gani?"