Tsohuwar Wadrob

Luka na tsaka da yanka tsohuwar wadrob ta rataye kaya a ƙofar gidansu a Nasarawa, zai haɗa da katakon maɗaci ya yi wa 'yarsa teburin karatu, sai motar sojoji ta tsaya. Wani ya diro da bindiga.

"Ajiye zarton nan. Ina ka samo wannan wadrob?"

Maƙwabta suka shige gida. Luka ya ajiye zarton, ya ɗaga hannu sama.

"Oga, wallahi ban sata ba. Ta mahaifiyata ce, bara ta rasu."

Sojan ya durƙusa ya dafa katakon.

"Sunana Nasiru. Lokacin rikici, ina yaro, a cikin wannan wadrob mahaifiyarka ta ɓoye ni kwana biyu. Gaishe ta na zo yi."