Wutar da Maikano Ya Cinna

Maikano ya juye kayan shagon a tsakiyar titin kasuwar Kura, ya tuttula musu fetur. Fim ɗaya ya taɓa shiryawa, da kuɗin shinkafar gonarsa, masu satar fasaha suka karya shi. Tun daga ranar, duk mai kwamfuta ɓarawo ne a wurinsa.

"Ka tsaya ka ji!" in ji Isiyaku mai shagon, abokan Maikano na rirriƙe da shi. "Ni da izinin kamfani nake sauke fim in buga a faifai. Biya nake yi!"

"Haka kowane ɓarawo yake cewa. Yau za ka ɗanɗani abin da na ɗanɗana."

Ya ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya tsaya yana huci har komai ya narke.

Isiyaku ya daina kokawa, ya zuba masa ido.

"Jiya matarka ta kawo kaset ɗin bidiyon marigayiya Muhsina, 'yarku, in mayar mata faifai kafin ya lalace. Ta ce shi kaɗai gare ku. Da shi ka haɗa."

Maikano ya durƙusa, ya cusa hannu cikin narkakkiyar robar.