Cokali Nawa, Farfesa?

"Wannan ya yi!" in ji matar Farfesa, likitar masu ƙuna, idonta a kan madubin ƙara girma. "Ƙwayoyin fata sun manne masa. Wane haɗi ka yi?"

Farfesa ya gyara tsayuwa. Shekara shida yana kiwon bakteriya suna saƙa masa farin yadi mai santsi na rufe ƙuna, amma ƙwayoyin fata sun ƙi zama a kai. In bai kawo sakamako ba, ƙarshen wata za a rufe ɗakin bincikensa.

"Gwaninta ce kawai, uwargida."

Wani dattijo, ma'aikacin ɗakin, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ba daga kwalabenmu ya fito ba. A kofin shayinka na kwaso shi, wanda ka manta bayan firji da za ka tafi hutu."

Likita ta ɗago a hankali. "Bakteriyar nan ba sa saƙa sai da sukari. Kai kuma ka rantse min ka daina shan sukari tun bara." Ta ɗauki biro. "Dole a maimaita gwajin. Cokali nawa, baban yara?"

"Ɗaya."

"In ka rage, gwajin ba zai yi ba."

Farfesa ya dubi biron da ke hannunta.

"Rubuta bakwai."